Rafinmu ƙafewa yake ƙaf da rani, to daga ina baƙin ƙuda yake dawowa?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya, don Allah kar a mai da ita raha. Ƙauyenmu yana bakin wani rafi mai duwatsu. Daga tsakiyar rani har faɗuwar ruwan farko rafin nan ƙafewa yake ƙaf, sai yashi da 'yan kududdufan da shanu ke sha. Duk tsawon lokacin nan ba ka jin cizon baƙin ƙudan nan ko ɗaya. Amma da zarar rafi ya kawo, ba a cika wata guda ba sai ka ga mutane suna noma da safa da dogon wando. Jiya na dawo daga gona ƙwaurina duk ɗigon jini. Kakana sanadin wannan ƙuda ya makance, ni na riƙa ja masa sanda ina yaro. Ina yake ɓuya da rani? In kuma an san maɓoyarsa, me ya hana a je a gama da shi a huta?

Alhaji Sani Mai Taki: Wa'alaikumus salam. Ai wannan ba sai an je makaranta ba. Cikin laka yake kwanciya kamar gaiwa, ruwa ya zo ya tashi. A samu maganin feshi mai ƙarfi a bi rafin tun kafin damina, shi ke nan.

Hadiza 'Yar Ƙwari: Allah ya jiƙan Kaka. Alhaji, da haka ne da an daɗe da hutawa. Ƙwan wannan ƙuda ba ya jure bushewa, tsutsarsa kuwa ko a kududdufi ba ta rayuwa, sai a ruwa mai gudu da ƙarfi, inda yake dukan dutse yana kumfa, don can ne iskar oksijin take da yawa. Macen tana zuba ƙwai ɗaruruwa a jikin ciyawa ko ganyen da ruwa ke kaɗawa. Kwana ɗaya zuwa uku ya ƙyanƙyashe. Tsutsar ta saƙa wani ɗan faifai na zare a jikin dutse, ta maƙale da ƙugiyoyin da ke gindinta, ta saki jiki ruwa na kaɗa ta, ta buɗe wasu gasu biyu a kanta masu kama da mafici tana tace abinci. Sati ɗaya da 'yan kwanaki ta shiga kwanso, bayan kwana biyu zuwa huɗu ƙuda ya fito. Ka ga duk rayuwar nan ba inda laka ta shigo. Ƙudan da ya ciji Baban Khalifa jiya, iyayensa ko kakanninsa baƙi ne, daga wani kogin da bai ƙafe ba suka zo.

Alhaji Sani Mai Taki: Haba 'yata! Abin da bai kai ƙwayar gero biyu ba shi ne zai yi tafiya daga wani kogi? Da wane mai?

Hadiza 'Yar Ƙwari: Da iskar damina, Baba. Ba fiffikensa kaɗai yake dogara da shi ba. In ya tashi sama iskar da ke kaɗowa daga kudu maso yamma ta ɗauke shi. An tabbatar yana iya yin kilomita 400 zuwa 500 a haka.

Isufu Yamai: Gaskiyarta. Mu a Nijar mun san wannan labari, don da mu aka yi. A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka buɗe babban shiri na yaƙi da makantar kogi, cutar da wannan ƙuda ke yaɗawa, hedikwatarsa a Wagadugu. Ƙasashe bakwai aka fara da su: Burkina Faso, Mali, Nijar, Ghana, Togo, Benin da Kwaddibuwa. Jirage masu saukar ungulu ke bin koguna duk sati suna zuba magani a ruwa don kashe tsutsar. Tsoffinmu na yankin kogin Sirba da Mekru har yau suna ba da labarin ƙarar jiragen. Aiki ya yi kyau ƙwarai, tsutsa ta ɓace a kogunan. Amma damina na kamawa sai ga ƙudaje manya sun cika wuraren da babu tsutsa ko ɗaya, wasunsu ma ɗauke da cutar. Da aka bi diddigi sai aka gano daga wajen iyakar shirin iska ke kwaso su. Dole a 1986 aka faɗaɗa, aka sa Gini, Gini Bisau, Senegal da Saliyo.

Baban Khalifa: Ikon Allah. To Malama Hadiza, yaya aka gane cewa baƙi ne? Ƙuda ai ba ya ɗauke da katin shaida.

Hadiza 'Yar Ƙwari: Yana ɗauke da shi kuwa, sai dai a ciki yake. Bari in ɗan tsawaita, a yi mini haƙuri.

Da can masana sun ɗauka ƙudan nan iri ɗaya ne daga Senegal har Uganda, suna ce masa Simulium damnosum. Ido ba ya raba su. Sai aka lura da abin da bai yi daidai ba: a ƙasar savana, wato ƙasar ciyawa mai itatuwa jefi-jefi, cutar tana makantarwa sosai, a kurmi kuma an fi fama da ƙaiƙayi da lalacewar fata. Wani wuri ƙudan na cizon mutum kamar hauka, wani wuri yana nan amma bai damu da mutane ba.

Tsutsar tana da wasu jakunkuna biyu da take yin zaren nan da su. A cikinsu, zaren gado da ake kira kuromosom yana da kauri fiye da kima, har ana iya ganin zane-zanensa a madubin likita in an rina shi. Ku ɗauka kamar ƙyallen saƙi ne mai ratsi: baƙi, fari, siriri, mai faɗi, a jere. A wasu ƙudajen sai ka tarar an yanke wani yanki na ƙyallen an juya shi an mayar, jerin ratsin ya koma baibai a wurin. Wannan juyin gadonsa ake yi. To kamar yadda tsoho zai dubi tsagar fuska ya ce wannan Bagobiri ne, wannan Babarbare, haka mai bincike yake duba ratsin ya ce wannan dangin kaza ne. In dangi biyu suna zaune a kan dutse ɗaya amma ba ka samun 'ya'ya masu ɗauke da zanen ɓangarorin biyu, ka san ba sa auratayya, wato jinsi biyu ne ko da kamarsu ɗaya.

A 1975 Charles Vajime, ɗan Najeriya wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi da R. W. Dunbar suka fitar da bayanin jinsi takwas ta wannan hanya. Biyu daga ciki su ne 'yan savana masu dogon zango, damnosum na ainihi da sirbanum. Isufu, wannan na biyun sunan kogin Sirba naku aka ba shi. Akwai 'yan kurmi irin su yahense da squamosum da sanctipauli da soubrense, waɗanda ba su kai su yawo ba. Ƙudajen da ke mamaye yankin shirin da damina, yawancinsu 'yan savanan nan ne.

Isufu Yamai: Wato har a littafin Turawa ƙudan namu ne. Mun gode da wannan kyauta!

Malam Garba Tsohon Ma'aikaci: Bayaninki ya yi, amma bari tsoho ya sa baki. Ni na yi aikin kamun ƙudan nan da ƙafata, ba a ɗakin gwaji ba. Mutum biyu ake sawa, kuna karɓa-karɓa awa-awa daga bakwai na safe zuwa shida na yamma. Ka naɗe wando zuwa gwiwa ka zauna bakin rafi, da 'yar kwalba a hannu. Yana sauka a ƙwaurinka ka kife shi da ita kafin ya kafa baki, ka rubuta lokaci. Da hantsi da kuma la'asar ya fi zuwa, rana tsaka sai ya lafa. Abin da nake so in gyara: ba gaba ɗaya ne ido ba ya rabawa ba. Akwai ɗan tuntun gashi a gindin fiffike, na savana fari-fari ne, na wasu 'yan kurmi baƙi. Ba ya raba su duka, amma yana ba da haske. Sannan in an fede mace a ƙarƙashin madubi ana gane wadda ta taɓa zuba ƙwai da wadda ba ta taɓa ba. In ka ga kusan duk abin da ka kama tsofaffin mata ne, ga shi babu tsutsa a rafin, to ka san baƙi ne suka sauka.

Hadiza 'Yar Ƙwari: Na karɓi gyara, Baba Garba. Ku ne malamanmu. Zanen kuromosom ɗin a tsutsa ake karanta shi, shi ya sa dabarunku na babban ƙuda suke da muhimmanci. Yanzu kuma ana haɗawa da gwajin DNA.

Sarkin Ruwa Yawuri: Ni fa tun da Alhaji ya ambaci feshi hankalina bai kwanta ba. Mu masunta mun ga abin da zuba guba a ruwa yake yi. Zamanin da wasu marasa tsoron Allah ke kamun kifi da gamalin, sai ka wayi gari ruwa ya yi fari da cikin kifi, babba da ƙarami, kwaɗi, ƙaguwa, komai. Wurin ya yi shekara bai dawo daidai ba. Kuma ku da kuke cewa ƙwari, ƙwari, kun san su ne tuwon kifi? Ka fede cikin ƙaramin kifi ka gani. A tafkin Kainji akwai wata farar tsutsa mai huda itace, tana cin jikin jirgin ruwa in ya daɗe a jiƙe, muna tsine mata. Amma daren da iyayenta suka tashi suka rufe fitila, washegari kifi ƙoshe yake.

Hadiza 'Yar Ƙwari: Sarki, wannan da ka faɗa sunanta Povilla adusta. Bayan an tare Kainji a 1968 ta samu itatuwan da ruwa ya cinye ta yaɗu, haka ma a tafkin Volta na Ghana. Babbar ba ta da bakin cin abinci ma, 'yan awoyi take yi a duniya ta yi aure ta zuba ƙwai ta mutu.

Tsoronka kuma a kan hanya yake. Shi wancan shirin na Wagadugu sai da aka kafa kwamitin masana mai zaman kansa yana auna kifi da ƙwarin koguna, kuma maganin da aka fara da shi, temefos, an zaɓe shi ne don ba ya daɗewa a ruwa. Duk da haka sai da ƙudan ya nuna musu iyakarsu. A 1980, a ƙasan kogin Bandama na Kwaddibuwa, aka ga maganin ya daina kashe tsutsar wani jinsi na kurmi. Abin da ya faru shi ne a cikin miliyoyi akwai 'yan ƙalilan da gadonsu ya ba su juriya. Kana kashe sauran duk sati, su kaɗai ke haihuwa, ga shi zuriya ɗaya ba ta fi sati biyu zuwa uku ba. Kafin ka ankara kogin ya zama nasu. Daga baya juriyar ta bayyana har a 'yan savana. Aka koma jujjuya magunguna, aka kawo wani na ƙwayar bakteriya da ake kira Bti wanda tsutsar sauro da ta wannan ƙuda yake kamawa, ba ya taɓa kifi. Saboda haka Alhaji, jarkar maganin ciyawa ko na ƙwarin wake a rafi, kifin Sarki kawai za ta kashe.

Alhaji Sani Mai Taki: To ni ban ce a zuba na shagona ba.

Anti Ladi: Ku yi haƙuri, ni duk wannan dogon Turancin na kuromosom ban ga abin da ya ƙara wa talaka ba. Shekara goma sha ina rabon Mectizan, maganin makantar kogi, gida-gida ba albashi. Sanda ce da ni mai launi huɗu, in tsayar da mutum in auna tsawonsa, in ba shi ƙwaya ɗaya zuwa huɗu ya haɗiye a gabana. Yaron da bai kai santimita 90 ba ba a ba shi, mai ciki ma haka. Na ga matan da ba sa barci saboda susa, fatar ƙwauri ta yi dabbare-dabbare kamar damisa, sun samu sauƙi. Wannan shi ne aiki. Kuɗin da ake kashewa wajen leƙen cikin tsutsa, da mu aka ba ko na sabulu da ya fi.

Baban Khalifa: Anti, Allah ya biya ku. A nan kam ina bayanki rabi.

Hadiza 'Yar Ƙwari: Anti, maganar sabulu ba ni da ta cewa, haƙƙinku ne. Kuma ba wanda ya isa ya raina maganin nan. Tun 1987 kamfanin Merck yake ba da shi kyauta, waɗanda suka gano shi, William Campbell da Satoshi Omura, sun samu kyautar Nobel a 2015. Amma kin fi ni sanin cewa 'ya'yan tsutsar cutar, wadda ƙudan ke sa wa mutum in ya cije shi, yake kashewa, uwar tana nan cikin ƙullutun nan na ƙarƙashin fata, tana iya kai shekara 10 zuwa 15. Shi ya sa kike komawa duk shekara. To yaushe za a ce ki ajiye sandar? Kuma a wane yanki? In aka ce ƙaramar hukumarku ta warke aka daina, alhali ƙudajenku dangi ɗaya ne da na wani kwari mai nisan kilomita 100 inda cutar take da sauranta, wahalarki ta shekara goma sha tana iya komawa baya. In kuma ƙudajenku a killace suke, ba sa cuɗanya da kowa, ana iya dainawa da kwanciyar hankali. Ƙuda bai san iyakar jiha ba, gadonsa ne kawai zai gaya mana iyakarsa.

Anti Ladi: Na ji. Amma sabulun dai.

Malam Garba Tsohon Ma'aikaci: Akwai wani amfanin kuma. Kafin a daina rabo ana tara ƙudaje aƙalla 6,000 daga yankin, a cire kawunansu a gwada. Da can da ido muke neman tsutsar cutar a cikin kan ƙuda. To shanu ma suna da tasu irin, Onchocerca ochengi, wadda ba ta kama mutum, kuma ƙuda ɗaya ne ke ɗaukar su. A madubi kamar tagwaye suke. An yi bincike mai yawa a kanta a wajen Ngaundare ta Kamaru. Inda Fulani ke shayar da shanu sai lissafinmu ya hau, a ɗauka cutar mutane ce. Gwajin DNA ne ya raba gardamar.

Awudu Kumasi: Salamu alaikum, na shigo a makare. Mu nan Ghana abin da ke ba da tsoro shi ne saran daji. Masu bincike sun nuna cewa inda aka sare kurmi a kudu, ƙudajen savana suna ƙaruwa a kogunan da da can 'yan kurmi ne ke ciki. Inuwa ta tafi, rafi ya buɗe wa rana, baƙo ya samu gida. Ga masu haƙar zinariya sun mai da kogunan Pra da Offin kamar kunu. Tambayata ga Malama: an taɓa gamawa da wani dangi gaba ɗaya kuwa, ko dai kullum rage zafi ake yi?

Hadiza 'Yar Ƙwari: An taɓa, kuma ɗaya a ƙofarku aka yi. Akwai wani reshe na sanctipauli da ake kira na Djodji, a kogunan kan iyakar Ghana da Togo. Zanen kuromosom ɗinsa daban ne, mazauninsa ƙarami. Da aka yi wa kogunan magani a ƙarshen shekarun 1980 sai ya ɓace, ba a sake ganinsa ba. A tsibirin Bioko na Ikwatoriyal Gini ma an kawar da nasu a 2005, teku ta hana wani ya maye gurbi. A Kenya wani jinsi ne daban, neavei, wanda tsutsarsa a bayan ƙaguwa take maƙalewa, a 'yan rafukan cikin daji, ba ya nisa. An gama da shi da maganin ƙwari na DDT tun tsakanin shekarun 1940 da 1950. A Abu Hamad ta Sudan kuwa, ƙudajen bakin Nilu ne da hamada ta kewaye, ga rabon magani, ga madatsar Marawi ta zo ta shanye wuraren haihuwarsu.

Ku duba duka: tsibiri, daji, hamada, ɗan lungu. Yanzu ku kwatanta da abin da aka yi a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, daga tsakiyar shekarun 1950, lokacin da aka riƙa zuba DDT a kogunan yankin. Cizo ya ragu, amma ƙudan bai ƙare ba, don ta ko'ina akwai kogunan da ke aiko da sababbi. Rafin Baban Khalifa irin wannan ne.

Baban Khalifa: Wato dai mu a bakin kasuwa muke zaune.

Sarkin Ruwa Yawuri: Ni ma ina da tawa. Ruwa kullum gangarawa yake. Duk abin da ya saki dutse ƙasa zai yi, ba ya dawowa. In ka kafa ƙaramar koma da dare za ka same ta cike da 'yan tsutsotsi da ruwa ya kwaso, fiye da na rana nesa ba kusa ba. To me ya sa saman rafi bai taɓa zama kango ba?

Hadiza 'Yar Ƙwari: Sarki, wallahi tambayar da ka yi ta daɗe tana ba masana aiki. Abin da ka gani da dare ma haka yake a rubuce, bayan faɗuwar rana suka fi sakin dutse, lokacin da kifi ba ya ganinsu sosai. A 1954 wani masani mai suna Karl Müller da ya yi aiki a rafukan Suwidin ya kawo amsa: yara ruwa ke gangarar da su, iyaye mata kuma in sun yi fiffike sai su tashi su nufi sama su zuba ƙwai. An ga haka a wasu jinsunan. Wasu masanan suka ƙara da cewa ba sai duka sun koma ba, tunda mace ɗaya na zuba ɗaruruwa, kaɗan sun isa su cika wurin.

A nan ne binciken gado yake da daɗi. Ƙwaron da ba ya tashi da kyau, in ka gwada na wannan rafi da na rafin bayan dutse sai ka ga sun bambanta, kamar ƙauyuka biyu da ba sa ba juna aure, ko da tsakaninsu bai fi tafiyar awa ɗaya ba. Danginsa na bin reshen ruwa ne. Mai ƙarfin fiffike kamar mazari, ko mai hawa iska kamar sirbanum, sai ka tarar na nesa da na kusa kusan jininsu ɗaya. A Ostireliya kuma an ga wani abin mamaki: ƙwarin kududdufi biyu na rafi ɗaya sun bambanta fiye da yadda na manyan yankuna suka bambanta. Dalilin da aka kawo shi ne tsutsotsin wuri ɗaya 'ya'yan mata ƙalilan ne, 'yan ɗaki ɗaya. Shi ya sa malaminmu yake hana mu cika kwalba daga dutse ɗaya. Ni na taɓa yi saboda tsoron santsi, aka mai da ni rafin.

Alhaji Sani Mai Taki: Duk kun taru kun ƙaryata ni, amma ni na san akwai abin da ke kwana cikin busasshiyar laka ya tashi. Da idona na gani a ramin dutse ina yaro.

Hadiza 'Yar Ƙwari: Baba, a nan kai ne da gaskiya, ƙwaron ne kawai ka sauya. Akwai wani ɗan ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo, Polypedilum vanderplanki, kuma a ramukan duwatsun arewacin Najeriya aka fara gano shi, aka ba shi suna a 1951. Tsutsarsa ja ce. In ramin ya ƙafe sai ta bushe ƙayau, jikinta ya cika da wani irin sukari da ke riƙe komai kamar gilashi. Ka ɗiga mata ruwa, cikin kamar awa ɗaya ta motsa ta ci gaba da kiwo. An farfaɗo da wadda ta shekara 17 a bushe. Japanawa sun yi aiki a kanta sosai, har an kai ta tashar sararin samaniya ta dawo da rai.

Alhaji Sani Mai Taki: Kun ji ko! A rubuta, Alhaji Sani ya ci.

Mai Kula da Zaure: An rubuta, Alhaji. Masu turo tallan maganin basir a tsakiyar muhawara kuma na goge, kar a sake.

Isufu Yamai: Don kar Baban Khalifa ya karaya: a ranar 30 ga Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta kawar da makantar kogi, ƙasa ta farko a Afirka, ta biyar a duniya bayan Kolombiya, Ekwado, Meziko da Gwatamala. Kuma ƙudan yana nan, yana cizo. Cutar ce babu a bakinsa. Feshin da aka yi shekara da shekaru ya tsare mutane har uwayen tsutsar suka mutu a jikinsu, magani ya ƙarasa sauran.

Anti Ladi: Magani ya ƙarasa, ka faɗa da kyau. Mu ma Filato da Nasarawa sun kai matsayin da aka dakatar da rabo.

Malam Garba Tsohon Ma'aikaci: Wanda ya san kwarin Hawul a da, wajen Garkiɗa, inda mutane suka bar gonakin bakin kogi suka hau tudu saboda makanta, shi zai san girman wannan magana.

Baban Khalifa: Na dawo. Bayan sallar asuba na sauka rafin da ɗana Khalifa, wajen da ruwa ke tsallake wani faffaɗan dutse. Na jawo wata doguwar ciyawa da ruwa ke kaɗawa. Jama'a, baƙi ƙirin take da su, a jere kamar an shuka, kowace ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, gindin ya fi kan kauri. Na sa a kofin ruwa, ɗaya ta buɗe gasun nan biyu na kanta sai ta rufe. Akwai wasu kuma cikin 'yan kwanso masu kama da takalmi. Shekara hamsin ina tsallake dutsen nan ban taɓa dubawa ba. Har a jikin wata leda da ta maƙale na gan su. Yanzu in muka tara matasa muka sare ciyawar, zai yi amfani?

Hadiza 'Yar Ƙwari: Su ne, Baba, ba shakka. Masu kwanson nan kwana biyu uku suka rage su tashi. Saran ciyawa an gwada shi a arewacin Uganda, mutanen ƙauye da addunansu, kuma cizo ya ragu sosai na wani lokaci. A sare wadda ke jan ruwa, a fitar da ita kan tudu ta bushe, kar a bar ta ta gangara. A kwashe leda da rassan da suka maƙale. Sai an maimaita, don ciyawa na tsirowa, baƙi kuma ba su daina zuwa ba. Zai fi kyau ku haɗa da ƙauyukan sama da ƙasa da ku.

Sarkin Ruwa Yawuri: A bar itatuwan gaɓa dai, kar matasa su ji daɗin adda. Kuma kar a shiga in ruwa ya kawo.

Baban Khalifa: To. Waɗanda ke kofin fa? Khalifa ya ce shi zai kai makaranta.

Hadiza 'Yar Ƙwari: Ba za su kai gobe ba a ruwan da ba ya gudu. In yana so su daɗe, ya samu sifirit a kemis ya zuba su ciki, ya rubuta rana da wurin da fensir a 'yar takarda ya jefa a kwalbar, biro narkewa yake. Ku ɗauki hoton dutsen da ciyawar ku nuna wa jami'in da ke kula da wannan cuta a sashen lafiya na ƙaramar hukumarku, suna neman sanin irin wuraren nan. Ni ma a turo mini hoton, ta kusa, a sa ashana a gefe don in ga girmansu.

Baban Khalifa: Wayar tawa ba ta ɗaukar na kusa. Bari maƙwabcina ya dawo daga kasuwa.